Gadar da Ba Wanda Ya Roƙa

Duk wanda ya taɓa kwana a Gidan Kanya da damina ya san muryar Kubra, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Ba wai masifa gare ta ba, a'a. Rafin Ɓaure ne ya buɗe mata maƙogwaro.

Rafin nan shi ya raba Gidan Kanya, inda take aure a ƙasar Birnin Kudu, da Kafin Ɗinya, garin iyayenta a ƙasar Gwaram. Da rani ko akuya ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, yashi ne zalla. Kubra kan ɗora tukunya, ta tsallaka ta kai wa mahaifiyarta, Inna Tani, ƙuli-ƙuli, ta dawo ruwan bai tafasa ba. Amma da zarar ruwa ya zauna sai rafin ya cika ya batse, wata uku cur ba mai ƙetarawa sai mai neman ajalinsa. Akwai zagaye ta bakin kwalta, sai dai yini guda ne a kan babur, ga kuɗin da ɗan acaɓa zai yanka maka ba ko tausayi. Waya kuwa, Inna ta ce a kai kasuwa, ita ba ta hira da mutumin da ba ta gani.

Saboda haka kowace Juma'a bayan la'asar sai uwa ta tsaya a waccan gaɓar, 'ya a wannan, a yi ta kwarara magana.

"Auta! Ya jikin jikata Sadiqa?"

"Ta warware, Inna! Ya gwiwarki?"

"Me kika ce?"

"Gwiwa, Inna, gwiwa!"

Ba sirrin da ya rage musu. Ranar da Inna ta tambaya ko maigidan ya saya mata zanen salla, kafin Kubra ta isa gida mutum uku sun tare mijinta Barau a hanya suna yi masa nasiha. Sharaɗin Inna ɗaya ne tak: in za a zo bakin rafi, a yafa mayafin nan ruwan ɗorawa da ta saya mata. Mayafin ya ƙoɗe, ya yi huji har biyu, amma ranar da Kubra ta zo da sabo mai ruwan ƙasa, Inna ta tsaya tana ta waige-waige kamar ba ta san ta ba, sai da Kubra ta koma ta sako tsohon. Kubra ta ce rigimar tsufa ce kawai.

Abin na ba mutane dariya, amma ita yana ci mata rai. Inna na ƙara tsufa, kuma duk daminar duniya Kubra na kwana da fargabar kada wani abu ya same ta tana nan tsallake, ba abin da za ta iya sai ihu.

To, ai gwamnatin jiha ba ta rubuta kasafin kuɗin shekara sai ta aiko jami'ai sun ji bakin jama'a a taro. Kowane gari a ba shi fom ɗaya, ya rubuta buƙata ɗaya. Wakilin Gidan Kanya shi ne Barau. Wakilin Kafin Ɗinya kuwa Malam Khalifa, mai makarantar Islamiyya, mahaifin Kubra. Ka ga ke nan gada ta zo gidan sauƙi, miji a nan, uba a can.

Ina! Shekara uku ana zuwa taron nan, Barau a Birnin Kudu, Malam a Gwaram, ba ko ƙyallin gada. Gidan Kanya dai ya samu fanfon tuƙa-tuƙa biyu, na ukun allon aikin ne kawai ya iso. Duk lokacin da Kubra ta yi ƙorafi sai Barau ya ce, "Ki yi haƙuri, maganar gada tana hannun Baba. Babba yana kan abu, ni wane ne da zan shiga gabansa?"

Barau fa kunyar surukai ta yi masa katutu. Shekara tara da aure bai taɓa haɗa ido da Malam Khalifa ba. In ya hango rawaninsa a kasuwa sai ya tuɓe takalmi tun daga rumfar masu gishiri, ya durƙusa, ya yi gaisuwar da ba mai ji sai ƙasa.

A damina ta huɗu, da ruwa ya ja baya ya dawo iya gwiwa, Kubra ta tattare zane ta ƙetara. Bayan ta gama da Inna ta je zaure gaida mahaifinta.

Malam ya ce, "Ki gaishe min da maigidan naki. Yaron nan yana ƙoƙari a kan gadar nan, Allah ya saka masa. Gwamnati ce dai ba ta ji."

Kubra ta ji kamar an watsa mata ruwan randa. "Baba, ba kai kake nema ba?"

"Ni? Haba Auta. Ai zurfin rafin a ɓangarenku yake. In na rubuta gada, sai a ce na raina ƙoƙarin surukina. Ni aji na roƙa, sai katanga, sai kuma bencina."

Innalillahi! Shekara uku kowa na yi wa ɗan'uwansa kara, suna ta ɗora wa gwamnati laifi, ita kuwa tana ta fasa maƙogwaro a bakin ruwa.

Ta koma gida a fusace ta zayyana wa Barau. Maimakon ya ɗauki biro, sai ya dafe kai. "Subhanallahi! Yanzu in na rubuta ai kamar na ce Baba ya gaza ne. Ki koma ki ce masa ya sa hannu, mu muna bayansa." Ta sake tattare zane. Malam ya shafa gemu ya ce, "Ki ce masa ya rubuta, ni nawa sa albarka." Sau huɗu tana ƙetara ruwan nan cikin kwana biyu, ba abin da ta samo sai mura.

Sai ga sanarwa a rediyo: bana an haɗa taron yankin wuri ɗaya, Birnin Kudu da Gwaram duk a zaure guda a Birnin Kudu, ranar Talata, kuma ana gayyatar ƙungiyoyin mata. Kubra ba ta ce wa kowa uffan ba. Ta dai nemi izinin bin 'yan ƙungiyarsu ta masu ƙuli-ƙuli, Barau ya ce a dawo lafiya, a zatonsa kallo za ta.

Zauren ya cika maƙil. Ga mutanen Unguwar Ya, ga na Maruta, ga na Dingaya da hulunansu sababbi. A kan teburi wata jami'ar kasafi ce daga Dutse, Hajiya Najiba, da tabarau a kan hanci da kwamfuta a gabanta. Wannan ya roƙi hanya, wancan taransifoma, wani ya cinye mintinsa uku a gaisuwa aka karɓe makirfo bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Aka kira Gidan Kanya. Barau ya taso da kuzarinsa, babbar riga na ta ƙamshin guga. Yana isa gaba sai idonsa ya faɗa kan rawanin Malam Khalifa a sahun farko. Shi ke nan! Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gindin makirfo, makirfon na can sama shi yana ƙasa.

Hajiya Najiba ta leƙo ta saman teburi. "Malam, lafiya? Ba ma jin ka."

Da ƙyar aka tsinci kalma ɗaya: fanfo.

Aka kira Kafin Ɗinya. Malam Khalifa ya miƙe, ya yi salati, ya yi addu'a ga shugabanni, ya kau da kai daga inda surukinsa yake, ya roƙi ƙarin bencina.

Kubra na can baya cikin mata, takaici ya ishe ta. Da Hajiya ta ce, "Ɓangaren mata, akwai mai magana?" ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Wani ya nufo ta da makirfo, ta ɗaga masa hannu.

"Salamu alaikum!"

Wani dattijo da ke gyangyaɗi a sahun gaba ya zabura har hularsa ta faɗi. Masu sayar da rake a waje suka amsa sallamar.

"Hajiya, sunana Kubra. Wancan da ya roƙi fanfo maigidana ne. Wancan da ya roƙi bencina mahaifina ne. Ruwan sha mun gode, ya ishe mu. Gada muke so a Rafin Ɓaure! Su biyun nan duk ita suke so, wallahi, kunya ce ta hana kowa shiga gaban ɗan'uwansa. Ni kuwa uwata na tsallake, wata uku ba na taɓa hannunta. Wannan muryar da kuke ji, a bakin rafin na same ta."

Zauren ya kwashe da dariya, har da tafi. Barau ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Malam kuwa ya ja gefen rawani ya rufe baki, amma kafaɗunsa sun tona shi.

Hajiya Najiba ta danna kwamfutarta, ta duba, ta sake dubawa. "Ikon Allah. Shekara uku ba wanda ya taɓa ambaton gadar nan, ko a Birnin Kudu ko a Gwaram. Mu a Dutse ta ina za mu sani? Ba duba muke yi ba." Ta zaro sabon fom. "Aikin da ya haɗa ƙananan hukumomi biyu yana da nasa gurbi a kasafi, amma sai wakilan ɓangarorin biyu sun sa hannu a takarda ɗaya. Bismillah, ku matso."

Nan fa ake yin ta. Teburi ɗaya, biro ɗaya. Malam ya tura biron gefen Barau. Barau, idonsa a kan siminti, ya turo shi da ɗan yatsa. Ya je, ya dawo, ya sake zuwa. Sai da Hajiya ta buɗe jaka ta fito da biro na biyu ta ce, "Zan ƙirga uku." A na ukun suka rattaba tare, Malam da ajami, Barau da boko, don kunya har ya fita daga layi.

Hajiya ta dubi Kubra. "Ban yi miki alkawari ba fa. Buƙatu sun fi kuɗin yawa. Amma yanzu dai an san da ita."

A watan Disamba, ranar da ake karanto ayyukan kasafin a rediyo, Kubra na tuyar ƙuli-ƙuli da rediyon a kan turmi. Aka yi ta jero hanyoyi da asibitoci da madatsun ruwa, yanki bayan yanki, har ta fara cire rai. Can sai ta ji: "Gina gada a Rafin Ɓaure, tsakanin Gidan Kanya da Kafin Ɗinya." Ta rangaɗa guɗar da aka ce an ji ta har Kafin Ɗinya. Kaskon ranar dai ƙonewa ya yi.

Kada ka ce washegari aka gama. Injiniyoyi sun zo da rani sun yi awo sun tafi, ɗan kwangila ya kafa ginshiƙai uku, damina ta kore shi. Shekarar nan ma uwa da 'ya sun sha ihunsu, sai dai yanzu da ginshiƙai a tsakani. Sai a rani na biyu aka zuba rodi da siminti aka shafe sama.

Gadar ta zama wurin shan iskar Malam Khalifa, kullum da yamma yana zaune a bakinta da carbi. Barau kuwa, ranar farko da ya zo wucewa ya hango rawanin, sai ya naɗe wando ya gangara ya bi ta ƙarƙashi. Har yau ana ba da labarin.

Juma'ar farko da rafin ya cika, ana yayyafi, Kubra ta ɗauki ƙullin ƙuli-ƙuli ta hau gada. Ruwa na ta ruri a ƙasa, ita ko ƙafarta ba ta jiƙe ba. Ba ta yafa ruwan ɗorawa ba, sabonta ta sa. Ta iske Inna tsaye a gaɓa inda ta saba, ta ƙura wa tsallake ido. Kubra ta zo har kusa da ita, Inna ba ta juyo ba.

"Inna."

Tsohuwar ta firgita, ta lalubo hannunta ta riƙe gam. Suka tafi gida a haka. A ɗaki Inna ta zaunar da ita a bakin gado, ta shafa fuskarta, sannan ta yi abin da ba su taɓa yi ba da damina: ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Auta, damina biyar ke nan ba na ganin ki daga can. Hazo kawai nake gani. In na hango ɗan rawaya-rawaya yana motsi, sai in ce ga 'yata."

Kubra ta ji zuciyarta ta karye. Ashe ba rigimar tsufa ba ce. "Haba Inna! Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da rani kina kusa, ina ganin ki, me zan faɗa? Da damina kuma in ɗaga murya gari biyu su ji na makance?"

Kubra ta goge hawayenta da gefen sabon mayafin. "Ki shirya. Ran Litinin za mu Birnin Kudu a duba idon nan. Baban Sadiqa zai samo mota har ƙofar gida."

Inna ta saurari ruwan da ke dukan kwano, ta girgiza kai, sabon shekaru ya sa ta mance. "Da daminar nan? Ta ina?"

Kubra ta matso da bakinta daidai kunnenta, ta rage murya iya ragewa.

"Inna, ai akwai gada."