Goro Ya Sha, Mota Ba Ta Sha Ba

A shekarun da manyan motoci suka fara bin hanyar Yeji, jakunan Zangon Kumasi suka rasa kaya. Masu goro sun gane cewa tafiyar da jaki zai yi makonni yana ja, mota za ta yi ta tun ganyen bai bushe ba. Kimba, wani Bazabarme da ke zaune a Aboabo, wanda tun yana ƙarami yake bin ayari, ya daɗe yana cewa abin ba zai ɗore ba. Da ya ga ya ɗore, sai ya sayar da jakunansa duka, ya je ya roƙi Muniru, direban babbar mota, ya koya masa tuƙi. Ba shi da wata sana'a kuma. In Muniru ya kore shi, to shi ke nan, babu jaki babu mota.

Muniru ɗan ƙanin mahaifinsa ne, kuma Kimba ya girme shi nesa ba kusa ba. A gida Yaya yake ce masa. Amma da safen tafiyarsu ta farko, a tasha, gaban 'yan dako da mata masu koko, sai Kimba ya ji an ƙwala masa kira.

"Kimba! Ina wejin?"

Weji shi ne guntun itacen da yaron mota yake turawa bayan taya in an tsaya a gangare. Kimba ya san da haka, an nuna masa. Sunansa da aka kira gatsal ne ya ƙona masa rai.

"Da wa kake?"

"Da yaron motata," in ji Muniru. "Nan ba gida ba ne. Nan daga Masta sai yaro. In ba za ka iya ba, faɗa tun ba mu ɗaure kaya ba."

Kimba ya ɗauko wejin. Ya kama ƙarfen da ake murzawa a gaban mota don inji ya tashi, ya murza da ƙarfi kamar mai jan igiyar rijiya, ƙarfen ya dawo baya ya buge shi a wuyan hannu. 'Yan dako suka fashe da dariya. Muniru bai ko kalle shi ba, ya harbo masa wata garwa da ƙafa.

"Cika ta da ruwa, ka ɗaure a gefe."

Bai faɗi na mene ne ba. Kimba kuwa ya rantse a ransa ba zai tambayi yaron nan komai a gaban mutane ba.

Kayan na Inna Barkisu ne, wata dattijuwa mai fataucin goro, wadda ba ta yarda kayanta su yi tafiya babu ita. Ita ta zauna gaba kusa da direba. Kimba aka ce ya hau can saman huhunan goro. Wannan ma ya ƙona masa rai, don shi ya zo ne ya ga yadda ake riƙe sitiyari, ga shi daga inda yake ba ya ganin komai sai rufin mota da dogayen itatuwa suna wucewa.

Rana ta take lokacin da suka tsaya a Jamasi, gindin hawan Mampong. Muniru ya shiga wata rumfa neman abinci. Kimba ya sauko, ya cusa hannu cikin huhu ɗaya kamar yadda ya saba, ya ji ganyen ya yi ɗumi, gefensa ya fara ƙanƙancewa. Duk wanda ya bi ayari ya san abin da ake yi. In rana ta yi tsaka, kafin ka sha kai, sai ka yayyafa wa goro. Madugu yana iya yafe maka ɓatan jaki, amma ba ya yafe busasshen goro. Sai Kimba ya ce a ransa, ashe na wannan ne ruwan. Ya kwance garwar, ya bi huhunan ɗaya bayan ɗaya yana yayyafi da tafin hannu, a natse, har ya ji zuciyarsa ta ɗan sauka.

"Madalla da ɗan halas," in ji Inna Barkisu. "Kai ne ka san goro. 'Yan motar nan, sai su kai maka shi ya zama tsakuwa. Rage min in yi alwala, ɗana."

Ya juye mata sauran a buta, ya mayar da garwar ya ɗaure.

Hawan Mampong hanya ce da take nannaɗe jikin dutse, gefe guda bango, gefe guda rami. Motar ta kama shi tana nishi. Ba su kai rabi ba tururi ya fara tashi daga gabanta, sai wani ƙara kamar tukunya tana tafasa. Muniru ya taka birki.

"Weji! Weji, Kimba!"

Kimba ya diro, ya tura itacen bayan taya, motar ta ja baya kaɗan ta tsaya a kansa. Muniru ya fito yana fifita tururin da hula.

"Kawo ruwan."

Kimba ya tsaya.

"Na ce kawo garwar!"

"Na ba goro."

Muniru ya zagaya ya ƙwanƙwasa garwar da yatsa, ta yi ƙara fayau. Ya dubi Kimba, ya dubi huhunan da suke ɗiga.

"Ka ba goro. Inna, kin ji? Ya ba goro! Goron ne zai ja mu zuwa Yeji? Kwasiya! Wawan banza! Ruwan inji ka kwashe ka yi wa ganye wanka?"

"Ka faɗa min na inji ne?" in ji Kimba. "Ka buɗe baki ka faɗa min? Harbo min ita ka yi da ƙafa kamar kare!"

"Kai ka tambaya? Bakinka ciwo yake? Girman kai ya hana ka!"

"Muniru, ni kake zagi? Ni da na ɗora ka a kan jaki kana majina?"

"To ga inda jakin ya kawo ka!"

Inna Barkisu ta leƙo ta taga. Kimba ya ɗauka za ta ce wani abu a kansa, tun da ita ta yi alwala da ruwan. Sai ta ce, "Ni dai kada a kwana da kayana a kan dutse. Kai ma dai, babba da kai, ba ka san mota tana shan ruwa ba?"

Muniru ya kwance garwar ya jefa a gaban Kimba. "Akwai rafi a ƙasa, inda muka tsallake gada. In ka ga dama ka ɗebo. In ba ka ga dama ba, ka wuce Kumasi daga can, in sami yaro a Mampong. Yara suna nan da yawa, waɗanda ba su da gemu."

Kimba ya ɗauki garwar ya gangara. Yana tafe yana magana shi kaɗai, yana faɗin duk abin da bai faɗa ba, da Hausa, da Zabarmanci, har da ɗan Tiwin mutanen Kumasi da ya iya. Wuyan hannunsa ya kumbura yana zogi.

A bakin rafin ya tarar da ɗan ƙaramin ayari ya sauke, jakuna suna sha. Mai ayarin Abu ne, wanda suka sha yin zango tare a hanyar Salaga. Abu ya dube shi, ya dubi garwar, ya riƙe ciki don dariya.

"A'a! Direba! Ina motar, ko ita ce wannan a hannunka?"

Kimba ya durƙusa yana cika garwa.

"Ita ma ashe tana jin ƙishi? To nawa da ƙafarsu suke zuwa rafi, ba a kai musu." Abu ya gama dariyarsa, ya matso ya rage murya. "Kimba, bar wasa. Ɗaya daga cikin mutanena ya gudu a Agona. Gishiri zan ɗauko, tafiyar ba yawa, amma tafiya ce. Ajiye gwangwanin nan ka kama min jakuna. A nan ba mai kiranka yaro."

Wani jaki ya matso yana shinshinar kafaɗarsa. Kimba ya kai hannu ya sosa masa bayan kunne ba tare da ya sani ba. Ya ƙirga ayarin da ido. A da, in Abu ya sauka a rafi, sai ka rasa inda za ka taka. Yau ga su nan duk a inuwar itace ɗaya, rabinsu ba kaya.

"Taya ni in aza garwar," in ji Kimba.

Abu ya girgiza kai, ya taya shi.

Hawan ya fi saukar wuya. Ruwa yana zubo masa a wuya, dutse yana ƙona masa ƙafa. Da ya iso, ya sauke garwar ya nufi bakin injin zai juye.

"Tsaya!" Muniru ya riƙe masa hannu. "So kake ka fasa shi? Ba a zuba wa mai zafi sanyi gaba ɗaya. Murza ya tashi tukuna. Kuma cire babban yatsanka daga kan ƙarfen, shi ya sa ya buge ka."

Kimba ya cire yatsan, ya murza, injin ya kama. Muniru ya nuna masa yadda ake zubawa siriri siriri, ya bar shi ya zuba da kansa. Ruwan ya ƙare, bakin bai cika ba.

"Bai isa ba," in ji Muniru. "Kuma sai an bar wani a garwa don gaba."

Suka kalli juna. Kimba ya sunkuya ya ɗauki garwar.

A kwanar hanya ta farko ya haɗu da ayarin Abu yana hawowa. Hanyar ba faɗi, sai da ya manna bayansa da dutse ya ba jakuna wuri. Abu ya buɗe baki zai yi magana.

"Wuce, Abu," in ji Kimba. "Wallahi wuce kawai."

Jaki na ƙarshe ya gifta, Kimba ya ci gaba da gangarawa rafi.