Kum Ɗin Darakta

Shekara talatin Radoje da Vukašin suna tare, tun suna tsinkar 'ya'yan itacen rasberi a gonar mutane, har Vukašin ya zama daraktan kamfanin daskarar da 'ya'yan itace na garinsu, Radoje kuma ya samu kujera a kwamitin da ke sa wa darakta ido. Da Allah ya ba Vukašin ɗa bayan ya fid da rai, Radoje bai jira a tambaye shi ba, ya ɗinka kwat. Wa zai zama kum, ya riƙe yaro a coci ranar baftisma, in ba shi ba?

Sai aka ba Stanimir. Stanimir fa! Mutumin da ya shigo kwamitin bara, mai dariya kamar ana juye tsakuwa a bokiti.

"Kishi ke cin ka, maigida," in ji Gordana, matar Radoje.

"Ni? Doka nake karantawa."

Da gaske karantawa yake. Shekara tara yana kwamitin, wannan ne karo na farko da ya buɗe kundin dokokin kamfanin, kuma ya samu abin da yake nema.

Ranar taron masu hannun jari ya miƙe. "Doka ta sha huɗu ta ce ɗan'uwan darakta ko kum ɗinsa ba ya zama a kwamiti. Yaya za ka binciki mutumin da ka riƙe wa ɗa?"

Zaure ya ɗau tafi. Radoje ya zuba wa Stanimir ido, yana jiran ya ga ya rungume kujera, don Vukašin ya san irin mutumin da ya fifita.

Stanimir ya juye tsakuwar dariyarsa. "Kujera ko yaro? Haba Radoje, wannan ma tambaya ce? Ku riƙe abarku."

Nan take aka zaɓi Radoje shugaban kwamiti, ana yaba gaskiyarsa.

A bakin ƙofa Vukašin ya ba shi hannu. Bai kira shi Rade kamar yadda ya saba ba.

"Barka, shugaba. Na riga ka sanin dokar nan. Shi ya sa ban nemi ka zama kum ba, na ga kana son kujerar." Ya gyara hula. "Lahadi za mu gasa rago don yaron. Amma kar ka zo, yanzu sai mutane su yi magana."