Ƙafar Yafet

Yafet ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon ƙauyensu kusa da Madakiya, har ranar da mota ta buge shi a kan babur, ta karya masa ƙafa. Da aka kwantar da shi a asibiti a Kafanchan, yayarsa Roseline ta riƙa kawo masa finafinai a wayarta, irin waɗanda ɗan wasa zai karye, kowa ya fid da rai, sannan ya warke ya ci kofi. Yafet yana son su ƙwarai. Idan fim ya ƙare sai ya ce, "Yaya, kin gani? Haka nawa zai zama."

Amma ƙafar ta ruɓe, dole aka yanke ta daga gwiwa.

Bayan ya ɗan samu sauƙi, Roseline ta kunna masa sabon fim. Ya kawar da kai.

"Kashe shi. Su duk da ƙafarsu suke tashi. Sa min na ban dariya."

Ta sa masa wani, inda faston ƙarya ke yi wa akuya addu'a, ita kuma tana cin rigarsa. Yafet ya yi dariya har gadon na girgiza. Roseline ta fara murna, sai ta ga hawaye na gangara cikin kunnensa.

Ya miƙa mata wayar ya ce, "Ki gaya wa koci ya ba wani safar hannuna. Kuma kada su zo duba ni."