Ba Ki Ce In Sauke Ba

Aikinta kalmomi uku ne: ja, riƙe, sauke. A ɗakin hoton ƙirji na asibiti take. Mutum ya manna ƙirjinsa a allo, ta ce ya ja numfashi ya riƙe, ta shige bayan gilashi ta danna maɓalli, sannan ta ce ya sauke.

Tun da abokiyar aikinta ta tafi hutun haihuwa ba a kawo kowa ba. Ita ce safe, ita ce yamma. Yayarta ta yi magana har ta gaji.

"Ki nemi hutu, kin fara zama kamar hotunan da kike ɗauka, ƙashi zalla."

"Yaya, in na matsa wani za a ɗora a kujerar."

Tsoronta ke nan. Ta sha wuya kafin ta samu aikin nan, shi ya sa take riƙe da shi hannu bibbiyu ko da yana cinye ta.

Ranar da abin ya faru, wajen azahar, aka shigo da wani dattijo, 'yarsa ta tsaya a waje. Irin mutanen nan ne da in ma'aikacin asibiti ya ce su tsaya da ƙafa ɗaya, za su tambaya wacce.

"Baba, ja numfashi. Riƙe."

Ta shiga bayan gilashi ta danna. Akwai 'yar kujera a wurin, ta ce bari ta ɗan ɗosana. Ɗakin da sanyi, injin yana gurnani a hankali. Idonta ya rufe.

Ƙarar faɗuwa ce ta tashe ta. Dattijon yana ƙasa, goshinsa ya fashe a gefen allon, yana haki. Ta durƙusa ta danne wurin da auduga. 'Yarsa ta banko ƙofa.

"Me kika yi masa?"

Dattijon ne ya amsa, yana duban mai hoton, ba da faɗa ba, kamar mai ba da haƙuri.

"'Yata, ba ki ce in sauke ba."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Kunya ta rufe ta, ga tsoro.

Aka ɗinke goshin. 'Yar ta wuce ofishin shugabar sashe, ana jiyo muryarta har baranda. Can aka aiko kiran mai hoto.

"Ki tafi gida," in ji shugabar, ba ta ko ɗago kai ba. "Ki huta. Za mu neme ki."

Hutun da ta ƙi nema ne aka miƙo mata, ba kuma wanda ya ce mata ranar dawowa. Ta rataye farar rigarta a bayan ƙofa. Da ta fito, layin marasa lafiya na nan a kan benci, har an aika a kirawo wani daga sashen sama ya karɓi ɗakin.