Tururuwa a Manhajar Wasu

Su uku ne a gidan. Akwai Kaka, wadda ɓarin jikinta ya shanye tun bara, da 'yarta da unguwa ke kira Malama saboda ta taɓa koyar da kwamfuta, sai jikar, yarinya siririya da kowa ke ce wa Tsinke. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa ɗakin kwana ba. Abin da suka rasa shi ne aikin da Malama za ta riƙa yi daga gida, domin Kaka ba ta iya ko juyawa a gado sai an juya ta. An yi wa Malama tayin aiki a wani gari mai nisa, an kuma gaya mata ba za a yi ta jiranta ba. In ta tafi, Kaka za ta koma wurin ɗanta, Tsinke kuma gidan gwaggonta. Yarinyar ta san wannan, don ba a ɓoye mata ba.

Malama tana da wata manhaja da ta shafe shekaru tana ginawa. Aikinta haɗa ayyuka ne: in saƙon ciniki ya shigo, ta shigar da shi inda ya kamata, ta sanar da mai kula da sito, ta tura wa direba adireshi, ba tare da wani ya taɓa komai ba. Malama ta saka ta a intanet a buɗe, kowa ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara yadda yake so. Kaka takan ce ba ta taɓa ganin mai dafa tukunya ta ajiye a bakin titi ta koma ciki ba. Malama takan yi murmushi kawai.

Ana nan sai wani kamfanin rarraba magunguna ya so rage aikin hannu. Suka sa ma'aikacinsu Dogo, wanda Malama ce ta koya masa kama linzamin kwamfuta, ya kwatanta buɗaɗɗun manhajoji ya zaɓo musu ɗaya. Biyu suka rage a hannunsa, ta Malama da ta wasu mutanen waje. Manajan kamfanin ya yi wa Malama alkawarin in aka zaɓi tata, ita za a ɗauka ta riƙa kula da ita daga gida.

Ranar yanke shawara makaranta na hutu, sai Malama ta roƙi maƙwabciya ta zauna da Kaka, ta tafi da Tsinke. Kaka ta ce wa yarinyar, "Ƙawata, ki kama bakinki a can, kada ki kore mana arziki da surutu."

Ɗakin taron ƙarami ne, da dogon tebur da fanka mai ƙara. Dogo ya miƙe ya gaida Malama har da rusunawa, ya ja mata kujera, amma Tsinke ta lura bai yarda sun haɗa ido ba. Ya kunna babban allon bango, manhajojin biyu suka fito gefe da gefe.

Ya fara da sauri. Ya tura wa kowace saƙonnin gwaji, duka biyu suka kammala kusan tare, ta Malama ma ta ɗan riga. Tsinke ta matse hannun uwarta a ƙarƙashin tebur. Daga nan ya ce ba sauri kaɗai ake dubawa ba. Ana duba yaushe aka yi wa manhaja gyaran ƙarshe, ana duba mutum nawa ke aiki a kanta, da yadda ake amsa koken masu amfani da ita. Ta wajen, jiya-jiya aka taɓa ta, kuma sunayen masu aikinta sun cika allon. Ta Malama kuwa suna ɗaya ne, kuma akwai wani dogon fili na watanni da ba a taɓa komai ba, koke-koke sun taru ba amsa.

Tsinke ta san watannin nan. Su ne watannin asibiti, lokacin da uwarta ke wanke Kaka tana ba ta abinci a cokali.

Manajan, mutum mai sanyin murya, ya tambayi dalili, Malama ta faɗa masa gaskiya. Ya yi mata jaje sosai, ya yi wa Kaka addu'ar samun sauƙi. Sannan ya ce, "To Malama, in jikin ya sake tashi, wa zai duba mana?"

Malama ta dubi sunanta shi kaɗai a allon.

Dogo ya ce saura gwaji ɗaya, a ga yadda kowace ke yi in hanyar sadarwa ta yanke. Ya zare waya daga bayan kwamfutar. Manhajar wajen ta tsaya jira, sai wani ɗan zane ya fito a kusurwar allon, tururuwa ɗauke da ƙwayar hatsi, kanta ya fi jikinta girma, ƙafa ɗaya ta karkace.

"Umma, tawa ce," in ji Tsinke, ta manta da gargaɗin Kaka.

Ita ta zana ta da fensir tun tana aji ɗaya, uwarta ta ɗauki hotonta ta saka a manhajar don mai jira kada ya gundura. Manajan ya dubi Dogo. Dogo ya sosa ƙeya ya yi bayani: mutanen wajen daga manhajar Malama suka faro, suka kwashe ta gaba ɗaya, suka sake mata suna da fuska, suka ƙara abubuwa. Lasisin da Malama ta sa ya yarda da haka. Ba su yi sata ba, sunanta ma yana nan a wani fayil can ƙasa. Ya gangara ya nuna, sai da manajan ya gyara tabarau kafin ya gani.

Tsinke ta ɗauka yanzu magana ta ƙare, tunda an gane mai abu. Sai ta ga fuskar manajan ta washe.

"Ashe ma faɗuwa babu," ya ce. "Aikinki ne dai za mu samu, ga kuma mutane da yawa a bayansa. Kin ga kowa ya huta."

Ya yaba wa Malama ƙwarai, ya ce abin alfahari ne a ce 'yar gida ce tushen abin da duniya ke amfani da shi. Ya sa aka kawo wa Tsinke lemo. Ba ta buɗe ba.

Suna tattara jaka Dogo ya matso, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce akwai wani wuri da manhajar wajen ke maimaita saƙo sau biyu in hanyar sadarwa ta dawo, ya rubuta wa mutanen wajen sun ce ba su gane sashen ba, tsohon aiki ne. Ko Malama za ta ɗan duba masa?

Tsinke ta ja mayafin uwarta su tafi. Malama ta tsaya tana kallon allon. Ta ce magani ne ake aikawa, in saƙo ya maimaitu wani zai samu biyu, wani ya rasa. Ta ajiye jakar, ta zauna a kujerar Dogo, ta nuna masa wurin a hankali, kamar yadda take yi masa a aji a da. Ya yi ta godiya yana cewa Allah ya saka.

A hanyar komawa ba su hau mota ba. Suka bi ta gaban shagon mai ɗinki da wurin masu gyaran waya, Malama tana tafiya a hankali. Da suka kai kwanar layinsu ta tsaya, ta ciro waya, ta kira mutanen garin nan mai nisa, ta ce ta amince, a ba ta lokaci kaɗan ta shirya mahaifiyarta. Ta kashe wayar, ta gyara wa Tsinke wuyan riga, ta ce kada ta faɗa wa Kaka tukuna sai ta ci abinci.

A nan Tsinke ta gane cewa kamfanin ya ɗauki aikin uwarta, uwar ce bai ɗauka ba, kuma su ukun ba za su ci gaba da zama gida ɗaya ba.