Hoton Bayan Baba Modu

Sati uku ke nan rabon Baba Modu da ruwa, kuma laifin Zulfa ne. Tun ranar da ya dawo daga kamun kifi yana dafe da tsakanin kafaɗunsa, 'yar tasa ta kafe cewa ba zai sake hawa gora ya shiga ruwa ba sai likita ya duba bayan. Ita dai ta lura bayan ya ranƙwafa, maƙwabta kuma suka cika mata kunne da labarin wani da ƙashin bayansa ya rube har ƙafafunsa suka mutu.

Mutumin da ya shekara hamsin yana kifa ƙirji a kan gora yana yawo a fadamar Kirikasamma da ragar homa a hannu, a ce ya zauna a ƙofar gida yana korar kaji? Abin ya ci masa rai ƙwarai. Amma can a ransa shi ma tsoro yake ji, don haka ya bi ta suka tafi asibiti a Haɗejiya.

Mai ɗaukar hoton ƙashi, Ja'afaru, mutum ne mai rawar kai, ga layi ya yi masa yawa. Ya sa Baba ya tuɓe riga, ya kwantar da shi a kan wani gado mai sanyi, ya daidaita masa na'urar a saitin ƙirji.

"Baba, ka ja numfashi ka riƙe. Kada ka saki sai na ce."

Baba ya ja, ya riƙe. Na'urar ta yi ƙara, Ja'afaru ya duƙufa a kan kwamfuta yana duba abin da ya fito, wata ma'aikaciya ta leƙo da tambaya, zance ya yi tsawo. Duk wanda aka saba kawowa nan da kansa yake sakin numfashi in ya gaji. Baba kuwa mai nutso ne, kuma ba a ce ya saki ba. Ya lumshe ido abinsa kamar yana ƙasan ruwa yana lalubo ragar da ta maƙale.

Sai da aka buɗe wa Zulfa ƙofa ta shigo, ta ga ubanta a miƙe ƙirji ba ya motsi. Ta yi salati. Ja'afaru ya taso a guje yana jijjiga shi.

"Baba, yi numfashi, don Allah yi numfashi."

Baba ya buɗe ido ɗaya, ya fesar da iska a hankali. "To, ai yanzu ka ce. Har an gama? Da saura a cikina."

Zulfa ta rasa kuka za ta yi ko dariya, ta haɗa duka biyun.

Likitar da ta duba hoton, Dakta Shamsiyya, ta riga ta ji labari, tana ta ƙunshe dariya. Ta juyo musu da fuskar kwamfutar, ta bi ƙasusuwan da biro.

"Waɗannan su ne gaɓoɓin gadon baya, guda goma sha biyu, kowace da haƙarƙarinta dama da hagu. Ku ƙirga da ni."

Suka ƙirga, goma sha biyu cif.

"Babu karaya, babu wadda ta rube. Gefen waɗannan na tsakiya ya ɗan goge, shekaru ne da yawan kifuwa a kan gora. Ciwon na nama ne. Zan ba shi magani, in nuna masa yadda zai riƙa miƙa bayan safe da yamma."

Baba bai ma ji ƙarshen maganar ba. Ya matso da fuskarsa daf da hoton, ya daɗe yana kallo.

"Tun ina yaro nake zare wa kifi wannan," ya ce a hankali. "Ban taɓa ganin nawa ba. Ashe haka Allah ya jera shi."

"Likita," in ji Zulfa, "batun ruwan fa?"

"Ya huta sati ɗaya tukuna. Bayan nan, ni dai ban ga abin da zai hana shi ba."

A hanyar tasha Baba ya yi gaba, yana gaida wanda ya sani da wanda bai sani ba. Zulfa tana biye tana kallon ranƙwafaffen bayan nan da ya ciyar da su duka. Da suka zauna a mota ta gyara mayafi, ta kau da kai wajen taga.

"Baba, ranar da ka koma, tarwaɗa nake so. Manya."