Wutar Baƙi

Keken ɗinkin ya tsaya cak a tsakiyar hannun riga, allura tana cikin yadi. Mai Ɗinki ta ɗaga kai, ta ga fanka tana rage gudu. Ko tsaki ba ta tsaya yi ba, zumbur ta miƙe, domin ta bayan katanga ma wani sauti ya ɗauke, wanda kunnenta ya saba da shi har ta daina jin sa. Injin numfashin maƙwabcinta ne, Baba Inji.

Ta faɗa gidan ko sallama babu. Tsohon yana zaune a kan katifa, an tokare masa baya da matasai, robar iska tana hancinsa amma ba abin da ke fitowa. Matarsa Iya tana yi masa fifita da kwalin sabulu.

"Sun ɗauke," in ji Iya. "Da rana tsaka, 'yar nan."

Baba Inji ya buɗe ido. "Tela," ya ce, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya, "ke ce... kika shanye mana wutar... da kekenki?"

"Baba, yi shiru don Allah. Yanzu zan je in ji."

Kafin zuwan sola, duk layin nan wutar Baba Inji ya sha. Yana da wani ƙaton janareta da yake kira Giwa, wayoyi sun fita daga shagonsa zuwa kowane gida kamar saƙar gizo-gizo. Kuma yana da dokarsa. In mai ya yi ƙasa, shaguna yake fara yankewa, sai gidajen masu lafiya. Gidan da ke da majinyaci ko mai jego shi ne na ƙarshe, kuma ba sai an zo an roƙe shi ba, ya san wanda ke tari a kowane ɗaki. Hayaƙin da ya yi shekaru yana sha shi ne ya taru ya zauna masa a ƙirji.

Sai wata ƙungiya ta zo daga ƙasashen waje da kuɗinta da kyakkyawar niyyarta. Aka yi taro, aka ce za a kawo wutar rana, mai tsabta, mai araha, kuma ba za a bar kowa a baya ba. Wannan maganar sun maimaita ta har yara suka mai da ita waƙa. Sharaɗi ɗaya ne: a miƙa janaretoci. Baba Inji ne ya fara miƙa nasa, aka ɗauke shi hoto yana dariya, aka ce ai shi za a ba kula da tashar wutar. Da lokacin ɗaukar ma'aikata ya zo, sai aka ce gurbin na matasa ne. Ya dawo gida da hular ƙungiya da riga mai tambari.

Gaskiya dai gaskiya ce, Mai Ɗinki ta ci moriyar abin. Daga keken ƙafa ta koma na wuta, har ta ɗauki masu koyo. Shi ya sa ma aka zaɓe ta ta yi jawabin godiya yau, gaban manyan baƙin da suka ba da kuɗin. An sa ta ta haddace shi tsaf.

Ta isa tashar tana haki. Ikon Allah! Nan wuta kamar ba a san rashi ba. An kafa rumfa, fankoki suna ta juyi a kan kujerun da ba kowa, ana gwada lasifika, firji yana sanyaya lemon baƙi. A bakin ƙofa ga Giwa an shafe ta da koren fenti, an fasa tankinta an cika da ƙasa an dasa furanni. A samanta ga ƙaton allo, Baba Inji yana dariya.

Ta sami Manajan tashar yana gyara wuyan kwat, gumi yana bin sa.

"Ranka ya daɗe, an ɗauke mana wuta."

"Na sani, ni na ce a sauke layin gidaje. Kin ga dai kwana da kwanaki hadari ne, batir bai cika ba. Baƙi za su zagaya su ga injin niƙa, su ga masu walda, su ga ɗakin sanyi. In wuta ta ɗauke a gabansu, kashi na biyu na aikin ya tafi ke nan. Unguwanni nawa ke jira?"

"Baba Inji da wutar yake numfashi."

Manaja ba mugu ba ne, wannan shi ne abin haushin. "Subhanallah. Ku kai shi asibiti mana."

"Ta ina? An tare hanya tun safe saboda baƙinku. Ko mai babur ba a bari ya wuce."

"To, ki yi haƙuri. Gida ɗaya ba ya rabuwa da layin, in na ba shi na ba kowa. Da an gama zagaye zan mayar, wallahi da hannuna. Ke ma ki taimake mu, ki yi jawabinki a taƙaice, a tashi da wuri."

Ta tsaya tana kallon ƙofar ɗakin batir, a rufe da kwado. Da ta sani, da a nan ta zube ta yi ta kururuwa har a buɗe. Amma mutum ne mai kwat ya rantse mata, kuma ita ba ta saba yi wa manya ihu ba. Ta juya.

Da ta koma, leɓɓan tsohon sun canza launi. Maƙwabta mata biyu sun shigo, ana karɓa-karɓa da kwalin fifita. An buɗe taga, an ɗage labule, duk a banza, iskar tana nan cike da ɗaki amma ƙirjin ya ƙi ɗauka.

"Sun ce yanzun nan, Baba."

"Kin ga... Giwa?"

"Na gan ta."

"Da za a ja ta nan... bugu ɗaya za ta tashi."

Mai Ɗinki ta sunkuyar da kai. "Sun dasa mata furanni a tanki."

Ya yi wani abu mai kama da dariya, tari ya sarƙe shi, Iya ta riƙe shi har ya lafa. Sannan ya yafito Mai Ɗinki da yatsa.

"Je ki... yi musu jawabinki. Wutarsu ta fi tawa. Ba hayaƙi, ba ƙara." Ya huta. "Sai dai ba ta san gidan kowa ba."

Baƙi, kamar yadda manyan baƙi suka saba, ba su zo a kan lokaci ba. Da suka zo kuma, sai da aka gabatar da kowa da muƙaminsa. Wani ya tashi ya ce ba zai tsawaita ba, ya tsawaita. Wani ya bi bayansa ya maimaita abin da na farko ya faɗa. Zagayen ma ba a fara ba. Mai Ɗinki tana zaune a layin gaba, ta damƙe gefen mayafinta, fanka tana hura mata iska mai sanyi a wuya, kowane hurawa kamar mari. Ta nemi idon Manaja, ya kawar da kai.

Aka kira ta. Aka tafa. Ta tsaya daidai ƙarƙashin allon, aka miƙa mata abin magana. Layin farko na jawabin yana bakinta: a da muna cikin duhu. Ta buɗe baki, sai ta ji wani abu daban ya fito.

"Mutumin nan da ke dariya a sama, maƙwabcina ne. Yana can yana mutuwa. An kashe mana wuta tun rana tsaka don ku sha lemo mai sanyi, kuma shi da wutar yake numfashi. Don girman Allah a kunna."

Tafintan da ke fassara wa baƙi ya tsaya da baki a buɗe yana duban Manaja. Shugabar baƙin, wata mata mai furfura da tabarau, ta taɓa hannunsa tana tambaya. Ya fara 'yan kame-kame. Mai Ɗinki ba ta jira shi ba, ta nuna hoton, ta kama maƙogwaronta da hannu biyu, ta nuna wayar wuta. Matar ta miƙe tsaye, fuskarta ta sauya, ta faɗi wata magana gajera da ba ta bukatar tafinta.

Manaja ya ruga da mukulli a hannu. Mai Ɗinki ta bi shi har bakin ƙofar ɗakin batir, ta gani da idonta. Wani ɗan makunni ne baƙi, bai kai tafin hannu ba. Da yatsa ɗaya ya ɗaga shi. Ƙas.

Ta waiga rumfa. Fankoki suna nan suna juyi. Lasifika tana nan da ranta. Firji bai ko yi tari ba. Ashe batirin zai ɗauka. Ashe tun farko zai ɗauka, tsoro ne kawai.

Ta zubar da takalmanta a hanya ta sheƙa. Tun daga bakin layi take jin rediyoyi suna farkawa a gidaje, yara suna ihun an kawo wuta. Da ta kai ƙofar gidan ta jiyo gurnanin injin, ta dafe ƙirji ta ce alhamdulillahi, alhamdulillahi, ta ɗaga labule.

Ba mai fifita. Kwalin sabulun yana yashe a ƙasa. Matan nan biyu sun haɗa kai da bango suna kuka ƙasa-ƙasa. An zare matasan, an miƙar da shi, an rufe shi da zanen Iya har kai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mai Ɗinki. Ta sulale a bakin ƙofa. "Yaushe?"

"Ana tafa miki," in ji Iya. Idonta a bushe. "Mun ji a lasifika an kira ki. Ya ce, ga tela nan. Shi ke nan."

Daga can tashar aka sake jin muryar mai gabatarwa, yana ba da haƙuri a kan 'yar matsalar da aka samu, yana cewa yanzu za a fara zagaye.

Iya ta dubi injin da ke ta aikinsa a gefen katifa, koriyar fitilarsa a kunne.

"Ban san inda ake kashe shi ba," ta ce. "Shi yake taɓa kayan wuta a gidan nan."

Mai Ɗinki ta san inda ake kashewa. Ba ta motsa ba. Robar tana kwance a kan katifa inda aka ajiye ta, tana ta hura iska, bakin zanen yana ɗagawa kaɗan yana komawa.